Akwatin da Aka Ajiye a Ɗaka

Duk wanda ya yi karatu a Gwandu a zamanin da rediyo ke da daraja ya san Malam Ezekiel. Mutumin ƙasar Zuru ne. Gwamnati ta turo shi koyar da fasaha tun yana saurayi, ya sauka da akwatin ƙarfe da keke. Da safe yana aji, da la'asar yana gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, mutane na kawo masa rediyoyin da suka yi shiru. Ba ya karɓar ladan gyara. Sai dai ba zai miƙa maka rediyonka ba sai ya nuna maka wayar da ta tsinke, ya kuma gaya maka abin da ya tsinka ta.

Yana da wata ɗabi'a irin ta malaman da. Kafin ya ba ɗalibi kayan aiki, ko ma'aunin zafi ne ko ƙaramar guduma, sai ya faɗa masa nawa aka saye shi. A ganinsa, wanda ya san tsadar abu ba ya sakaci da shi. Har ya bar aiki wannan dabara ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Da ya yi ritaya, shi da matarsa Hannatu suka koma Kalgo suka kama haya, saboda 'yarsu tilo, Ruth, ta samu shiga jami'a tana karanta kimiyyar kwamfuta. Zaman na wucin gadi ne. Suna da fili a Zuru, kusa da cocin da aka ɗaura musu aure, kuma shirin shi ne da Ruth ta gama, a karɓi garatuti a aza gini, a koma gida. Hannatu ta riƙe wannan shiri da hannu biyu. Tun aurensu ba ta taɓa shuka itace a gidan da suka zauna ba. In maƙwabta suka ba ta dashe sai ta ce, "Ku bar shi. Nawa mangwaron a Zuru zan sa shi."

Malam yana da wani tsohon aboki a Dalijan, Abdulgani, manomin albasa. Rediyo ne ya haɗa su. Kowace shekara Abdulgani kan zuba albasarsa a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ajiye ta har farashi ya tashi, kuma kowace shekara zafi da laima sukan cinye masa wani kaso. Ruth ta taso tana jin wannan kuka. Da ta gama karatu sai ta zo wa mahaifinta da shawara: a yi ɗan akwati mai auna zafi da laima, a rataye shi cikin rudu, ya riƙa aika saƙo ta intanet zuwa wata manhaja a wayar manomi. In lafiya, waya ta nuna kore. In albasa ta fara ɗumi, ta nuna ja, manomi ya je ya buɗe rudu ya tsince.

Malam ya ji kamar an mayar masa da ƙuruciyarsa. Ya fito da tsofaffin kayan gyaransa, ya harhaɗa akwatunan da hannunsa, kowanne da ɗan batir da layin waya. Ashe wannan shi ne mafi arha a cikin aikin.

Manhajar ce ta ci su. Ruth ta rubuta iya abin da ta iya, amma sashen da zai haɗa akwati da waya sai da aka ɗauki wani ƙwararre. Yawancin manoman ba sa karanta boko, don haka aka sa wa manhajar murya da Hausa, shi ma da kuɗinsa. Abin da ya yi aiki a wayar Ruth ya ƙi yi a ƙananan wayoyin ƙauye, aka sake gyara. Sannan ga data ta kowane layi, ga hayar wurin da ake ajiye bayanan a intanet, wadda ake biya duk wata da dala.

"Ni na ɗauka in an gama gini an gama," in ji Malam.

"Baba, wannan ba gini ba ne. Kiwo ne. Ran da ba ka ba shi ya ci ba, ran nan zai kwanta."

Garatuti ya tafi a haka, aiki bai kai ƙarshe ba. Wata ƙungiyar manoman albasa ta ce in aka gwada kaka ɗaya aka ga amfani, za ta ɗauki abin wa 'ya'yanta, ta riƙa biya. Malam ya auna, ya sake aunawa, ya ce wa Hannatu zai sayar da filin Zuru, in ƙungiya ta fara biya a sayi wani.

Tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba.

"Baban Ruth, wani filin ba shi ne wannan ba."

"Kaka ɗaya ce kawai, Maman Ruth."

"To. Allah ya sa."

Aka sayar da filin. Bayan an cire albasa Malam ya ɗauki akwatunan zuwa Dalijan. Abdulgani ya tara maƙwabtansa biyar da suka yarda a gwada a rudunsu. Malam ya shiga kowane rudu da kansa, gwiwa na ciwo, ya rataye akwati a tsakiyar albasa.

"Malam, tsufa ya zaka, amma ba ka bar wasa da waya ba," in ji Abdulgani yana dariya. "Yanzu wanga ɗan abu shi za ya gaya min halin albasata, ni ina zaune gida?"

"Ko kana Birnin Kebbi zai gaya maka. Kai dai ka duba wayarka. In ka ga kore, ka yi barcinka."

Daga nan tsohuwar ɗabi'ar aji ta motsa. Malam ya tsaya a gabansu, ya faɗa musu abin da kowane akwati ya ci, da abin da manhajar ta ci. Ya ce su kula, don filinsa na Zuru yana cikin akwatunan nan. Dariya ta ɗauke. Abdulgani ya dafa ƙirji ya ce, "Amana ce, Malam. Mun karɓa."

Zafin bazara ya zo, wayoyi na nuna kore. Hadari ya fara haɗuwa, kore. Ruth ta ce abin na damunta, don ma'aunin ba ya hawa, ba ya sauka, kullum wuri ɗaya. Ta so a je a gani. Malam ya ce ai alamar rudu mai kyau ke nan, kuma kuɗin motar Dalijan ya isa datar wata guda. Ya buga wa Abdulgani waya ya tambayi akwati. Aka ce masa yana nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Damina ta yi nisa lokacin da Abdulgani ya iso Kalgo wata ranar da hantsi, ya rame, riƙe da ƙunshi. Aka shimfiɗa masa tabarma, Hannatu ta kawo ruwa. Suka daɗe suna gaisawa, ya tambayi gwiwa, ya tambayi ɗiya. Sai can ya ce albasa ta tafi. Sun ga kore sun saki jiki, ba wanda ya buɗe rudu ya tsince kamar yadda suka saba, har sai da wari ya fara isa hanya.

"Ba laifinka ba ne, Malam. Allah bai nuhwa ba. Amma ga kayanka, ka duba, duk shida."

Ya kwance ƙunshin. Kowane akwati naɗe yake a cikin sabon zane. Malam ya ɗauki ɗaya, ya juya shi. Babu ƙura, babu ɓawon albasa ko guda. Ya kai shi hanci. Ƙamshin turaren wuta ya ji.

"Abdulgani, a ina wannan ya kwana?"

"Ɗakin uwargida, ƙarƙashin gado. Tun ran da ka tahi muka kwashe su. Wa za ya bar hilin mutum a daji, ga ɓarayi, ga ɓera? In ya ɓace, da wane ido zan dube ka?"

"Amma ta yaya zai ji zafin rudu daga ɗaka?"

Abdulgani ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Ai kai ka ce daga nesa shina aiki. Rediyon da ka gyara min, daga ɗakina shika jin Kaduna. Rudu kuwa ga shi nan bayan gari."

Akwatunan ba su yi ƙarya ba. Wata da watanni suna aiko da labarin sanyin ƙarƙashin gado, Malam kuwa yana biyan dala don a ajiye labarin. Mutumin da ke gabansa ya rasa noman shekara wajen tsare masa dukiya. Sai Malam ya yi masa godiya, ya raka shi tasha, ya biya masa kuɗin mota bayan doguwar jayayya.

Ƙungiyar manoma ta ji cewa albasar waɗanda suka sa akwati ta fi ta kowa ruɓewa, ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ruth ta so a sake gwadawa baɗi, amma babu abin da za a ciyar da manhajar har baɗin. Wata biyu ba a biya hayar wurin ajiyar bayanan ba, aka rufe manhajar. Ruth ta samu aiki a Kaduna, ta tafi tana kuka.

Malam Ezekiel yana nan a Kalgo, a gidan hayar. Akwatunan suna kan kabad a cikin zanensu, don bai iya kwance su ba. Har yanzu wasu tsofaffi kan kawo masa rediyo, ya gyara, ya miƙa, ba ya ƙara bayani.

A ƙarshen daminar, wata rana ya dawo daga coci ya tarar da Hannatu durƙushe a bayan madafa, tana tona rami da ƙaramar fartanya. Kusa da ita akwai dashen mangwaro a cikin leda. Ta ji takunsa, ba ta juyo ba.

"Ɗebo min ruwa a randa," in ji ta.

Ya tsaya jim, sannan ya ajiye sandarsa ya je ya ɗebo.