Garin da Inna Take Nema

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, mai bandar kifi a Wara. Ba ta bar gona ko shanu ba. Abin da aka fi tuna ta da shi kacici-kacici ne, da taurin kanta wajen karɓar gari.

Kowa ya san ƙa'idar wasan: in ka kasa, sai ka ba mai tambaya gari, shi kuma ya faɗa maka amsa. A wasu gidaje Kano ake bayarwa ko Sakkwato, a wuce wurin. Inna kuwa sai ta taɓe baki tana juya kifi a kan wuta, ta ce, "Mi za ni yi da Kano? Ba ni garin da ruwa ya ci." Dole ka kawo sunan ɗaya daga ƙauyukan da tafkin Kainji ya shanye tana amarya. Haka muka haddace su muna ƙunƙuni, ba mu san karatu ake mana ba.

Akwai kacici-kacici guda da ta hana ni amsarsa: "Ɗakina a buɗe, baƙi sun cika shi, ba wanda ya yi sallama." Duk garin da na sani na ba ta, ta ƙi. Tungarsu take so, 'yar ƙaramar da aka haife ta a ciki, wadda ta faɗa mini sunanta sau ɗaya tak ina yarinya. Na manta. Da na roƙe ta ta maimaita, sai ta ce, "Ni zan ba ki garin, ni kuma in karɓa? Je ki tuno." Na ɗauka akwai lokaci.

Kwanan baya na gwada wa jikokinta wasan. Da suka kasa, Dubai suka ba ni. Na yi dariya, amma da Inna ce, wallahi sai sun wuni a bakin murhu.

Bara, a jirgin ruwa zuwa Yelwa, matuƙin ya nuna cikin ruwa da haɓa ya ce a da nan akwai gidaje. Na leƙa, sai ga ƙananan kifi suna shawagi abinsu. Nan take na gane ɗakin, na gane baƙin.

Na bi tsofaffi daga Ngaski har Shanga ina neman sunan tungar. Kowa sai ya ce wanda ya sani ya riga mu gidan gaskiya. Wannan yana ci mini rai.

Allah ya jiƙan Inna. Amsar dai na samu, garin ne har yau ban ba ta ba.