Gahawar Baba da Ƙanƙarar Mai Kifi

Shekara talatin da ɗoriya mahaifina ya yi yana shan gahawa baƙa, mai zafi, ba madara ba sukari, a kofin ƙarfen da aka ba shi a soja. A bariki ya koyo ta, da ya yi ritaya kuma ya dawo da ita Zuru tare da akwati ɗaya da ciwon gwiwa. A unguwarmu gahawa abin direbobin manyan motoci ce da ɗaliban da jarrabawa ta ritsa da su, saboda haka maƙwabta suka lissafa ta cikin lahanin da aikin soja kan bar wa mutum, suka yafe masa.

Wajen lokacin da wayar hannu ta fara shigowa garinmu ne tuwo ya fara tsaya masa a wuya. Aka koma fate, fate ya tsaya. Aka koma kunu. Da kunun ma ya fara gardama muka ɗauke shi zuwa Sakkwato. Likitan da ya duba shi matashi ne mai ladabi, ya juyo wurina ya yi bayani da Turanci, wai don kada tsohon ya ji. Tsohon da ya shekara talatin yana daka wa kurata tsawa da Turanci ya ɗaga kai yana nazarin silin. Ciwon daji ne a maƙogwaro, ya riga ya yi nisa. Mu koma gida, mu ba shi duk abin da zai wuce.

Ni malamin Turanci ne a sakandare. Abincina ke nan in tsaya gaban yara in gaya musu abin da marubuci yake nufi. Wannan jimlar dai ba ta nemi taimakona ba.

Abin da zai wuce ɗin ne ya zama aiki. Mai zafi ba ya wucewa, yana ƙona shi. Mai ɗumi yakan wuce rabi ya dawo. Sai wata rana matan zumunta na cocinmu suka zo addu'a, ɗaya ta riƙo fiya-wata mai sanyi ƙarara, Baba ya karɓa ya shanye rabi bai ko yamutsa fuska ba. Sanyin yana kashe masa wurin na ɗan lokaci, a wannan ɗan lokacin abu yakan samu hanya. Ruwa dai ba ya riƙe mutum. Madara ce za ta riƙe shi, da sukari, in har za su shiga. Shi kuwa tun ina yaro yake cewa madara abincin maraƙi ce.

Muka yi ciniki irin na sulhu. Ya ce in dai da gahawa a ciki, ko farar ƙasa na dama masa zai sha.

Saura ƙanƙara. Bazara ce, irin wadda duwatsun da ke kewaye da gari ke tara zafin rana su sako mana shi da la'asar. Wutar lantarki takan leƙo kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya, ta ba da haƙuri ta koma. Firijin gidanmu ya daɗe da zama kabad, a ciki nake ajiye littattafan ɗalibai saboda ɓeraye. Ruwan randa yana da sanyi, amma sanyin mai lafiya ne, bai isa ya kashe ciwo ba. A duk inda babur ɗina zai iya zuwa ya dawo, firiza ɗaya ce ba ta mutuwa, ta wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da ɗanyen kifi a bakin kasuwa. Tana da janareta, ta kuma fi ni daɗewa a harkar garin nan. A kusurwar firizar, tsakanin kwalayen kifi, takan ƙulla ruwa a leda ya daskare. Kowa Madam yake ce mata, ita kuma Ticha take ce mini.

Ranar farko na dama gahawa da madara, na fasa ƙanƙarar na zuba, na kai masa har da faranti. Ya kai hanci, ya dube ni.

“Wannan gahawar ta kogi ta biyo?”

Ƙarni ne. Ƙanƙarar ta kwana da kifi, ta ɗauki halinsa kaf. Ya daure ya yi kurɓi biyu, na uku ya taso da na biyun.

Mama dama tun farko ba ta yarda da zancen ƙanƙara ba. 'Yar garin Dabai ce, kuma a iliminta, wanda ya girmi nawa, sanyi yana shiga ƙirji ya yi gida. Ba ta taɓa dama kunun zaƙi ko zoɓo ba citta ba, domin abin sanyi sai da abin da zai kashe masa sanyin a ciki.

“Mutum ba lafiya ka ɗura mai ƙanƙara? A wane littafin ka gani?”

“Ita ce ke wucewa, Mama.”

“To ba za ta wuce ita kaɗai ba.”

Ta jawo turmi. Citta busasshiya, kanumfari, masoro kaɗan. Ta daka, ta tafasa a ƙaramar tukunya, ta tace da ƙyalle mai tsabta, ta miƙo mini ruwan ja-ja-ja a moɗa. Na zuba don in huta da magana. Ƙarnin ya ɓace ɓat. Baba ya riƙe kofin da hannu biyu ya shanye shi tas, a hankali, hawaye na bin kuncinsa. Muka ce sanyin ne ya hau masa kai. Mama ta dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya yi gardama ya faɗi.

Daga nan abin ya zama tsari. A tashi makaranta ƙarfe biyu, in hau babur zuwa bakin kasuwa. Madam ta naɗe mini ƙanƙara a buhu da garin katako, in ɗaure a baya in tsere wa rana, duk da haka kashi ɗaya cikin uku yakan tsiyaye a kan taya. Kafin in iso, ƙarar turmi ta riga ni. In tafasa ruwa kaɗan, cokali biyu na garin gahawa, huɗu na madara, sukari, sai ruwan yajin Mama. In ɗora kofin cikin kwanon ruwan randa ya huce, domin in ka zuba ƙanƙara a kan mai zafi ka yi asarar duka biyun. Sannan in fasa ƙanƙarar da bayan ludayi. Gaskiya abin yana da daɗi. Ɗacin gahawa ya fara zuwa, madara ta bi shi tana rarrashi, can daga baya citta ta taso ta ɗumama maƙoshi. Nakan shanye abin da ya rage a tukunya in yaba wa kaina. Har na fara tunanin in rubuta yadda ake haɗawa in ba malaman makarantarmu.

Mako uku muka yi a haka. Kofi cike ya koma rabi, rabi ya koma abin da ya rufe gindin kofi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk ranar da ya rage da yawa, washegari Mama ta ƙara citta, tunda a ganinta sanyin ne yake rinjaye. Shekara arba'in tana dafa wa mutumin nan abinci, yanzu duk girkinta ya koma moɗa ɗaya.

Baba yana da wani aboki tun suna kurata, wanda ya yi aikin jinya a soja, ya yi ritaya ya koma noma wajen garin Kanya. Shi yana ce wa Baba Saje, Baba yana ce masa Likita, ko da yake bai taɓa zama likita ba sai a bakin Baba. Ya zo wata Alhamis, Mama ta tafi zumunta. Ya tarar Baba yana fama da kofinsa, ido jajir. Ya karɓa ya kurɓa don ya ji abin da ake ba majinyacinsa. Tari ya sarƙe shi.

“Kai, Ticha, zo nan. Mene ne wannan?”

“Gahawa ce, Baba Likita.”

“Gahawa ko yajin tsire? Ka taɓa yankewa a yatsa ka taɓa barkono?”

Na ce na taɓa.

“To maƙogwaron ubanka gyambo ne daga sama har ƙasa. Kwana nawa kuna zuba masa wannan?”

Na faɗa masa, na ce Mama ce ke daka yajin. Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali, kamar wani abin da zai iya fashewa.

“Likita, bar yaro,” in ji Baba. Muryarsa a lokacin ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti. Yaron kuwa ya kusa arba'in.

“Kai ma ai kana da baki. Me ya hana ka faɗa?”

“Shekara bakwai na yi golmo a gonar ubanta.” Golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa iyayen yarinya a wurinmu, damina bayan damina, kafin a ba shi ita. “Ban ce wayyo ba. Citta ce za ta sa in ce?”

“Saje, kai jaki ne tun muna kurata.”

“Jakin ne ya ɗauko ka ranar da ka suma a fareti.” Ya huta, ya nemo numfashi. “In ka hana ta dakan nan, me za ta yi da rana? Ta zauna ta zuba mini ido?”

Likita ya miƙe ya yi sallama. Da na raka shi tasha ya ce in cire cittar ko ta halin ƙaƙa, kada kuma in bari ta sani. Ya ce kowane kurɓi yana ƙara kumbura wurin, hanyar kuma dama saura kaɗan.

Na cire, ƙarni ya dawo, Baba ya kasa ko kusantar kofin. Na matsa lemun tsami, madarar ta tsinke. Na tafasa ruwa a gida na ƙulla a leda biyu na kai wa Madam ta daskarar mini, ya fito da ƙarni mai ladabi, amma ƙarni. Kwana biyar na ɓata ina gwaje-gwaje kamar mai neman digiri, a kwana biyar ɗin kusan ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa. A rana ta shida na tsaya gaban firizar ina ba Madam labarin, ba don ina neman shawara ba, don dai na rasa wanda zan gaya wa.

Ta daina yankan kifi, ta dube ni sama da ƙasa.

“Ticha! Kai ne kake koya wa yaranmu? Wa ya ce ka sa ƙanƙara ciki? Lemun kwalba da nake sayarwa, ina buɗewa in sa ƙanƙara ciki? Zuba abinka a kwalba, rufe, binne kwalba cikin ƙanƙara. Shi ke nan!”

Ba bikin da na taɓa zuwa a garin nan da ban ga kwalabe a cikin bahon ƙanƙara ba. Na sha tsoma hannu in zaɓi wadda ta fi sanyi. Wata guda ina da wannan ilimin a kaina, yana zaune lafiya kusa da ka'idojin nahawu.

Ta wanke wata kwalba mai murfi da ruwan zafi ta ba ni, ta ƙara mini ƙanƙara, ta ce in gai da Baba.

A gida na karɓi moɗar Mama kamar kullum, na gode, na zaga bayan kicin na tuttular a gindin gwanda. Na haɗa gahawa da madara da sukari kawai, na ɗura a kwalbar, na binne ta a bokiti. Bayan rabin awa ta yi sanyin da yatsa ke maƙalewa. Na zuba a kofi na shiga ɗaki na tura ƙofa.

Ya shinshina. Ba kifi, ba citta. Ya kurɓa, ya lumshe ido.

“To. Ashe ka iya.”

Na tsaya ina kallon wuyansa. Maƙogwaron ya motsa sau ɗaya, ya sake motsawa, ya tsaya. Ya miƙa hannu, na tura masa kwanon da ke gefen gado, abin ya dawo yadda ya shiga, ko ɗumi bai yi ba. Muka gwada da cokali. Muka gwada yana zaune, muka gwada ya jingina. Wataƙila cokali ɗaya ya wuce, ban da tabbas. Na san madara ba ta warkar da wannan ciwo, an gaya mini da Turanci mai kyau. Amma da wata guda da ya wuce ne, da wannan kwalbar ta shiga duka, ta biyu ma ta bi ta, ba tare da hawaye ba.

Ya goge baki da gefen zane, ya daɗe yana kallon kofin.

“Uwarka tana shinshina kofin in za ta wanke,” ya ce. “Jiya ta tambaye ni ko cittar ta yi kaɗan. Gobe ka mayar da ita ciki.”

“Baba, tana ƙona ka.”

“A da ke nan. Yanzu ai ba ta isa wurin. A baki take tsayawa.”

Daga tsakar gida Mama ta ɗaga murya, “Ya sha?”

Baba ya ɗaga mini gira. Na ce ya sha.

Kwana goma sha ɗaya muka ƙara. Kullum ta daka, in haɗa da cittar yadda ta ba ni, in sanyaya a kwalba, ya riƙe a baki gwargwadon iyawarsa ya mayar a kwano. Ni kuma in fita da kwanon ta ƙofar baya, in wanke shi a bakin rijiya, sannan in kai mata kofin ba komai a ciki.