Cleophus Rainey, mai kai mu kamun kifi

Kowace Asabar da safe Cleophus Rainey yakan loda sanduna da ƙugiyoyi a tsohuwar motarsa, ya bi unguwannin birnin Mobile yana kwasar mu. Can bakin kwana yake tsayawa, don kada maƙwabta su fara tambaya.

Dukanmu maza ne masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, har da shi. Wasu da matansu, wasu matan sun tafi. Asibitinmu na da zaman tattaunawa na mata da na maza masu neman maza, amma irinmu ba mu da wurin zama. Shi ya ce wa ma'aikatan, "Ku bar ni da su. Namiji ba ya magana ana kallon idonsa, sai yana kallon ruwa."

Ranar da na fara binsa, na gaya masa a gidan yayata ni kaɗai ake zuba wa abinci a farantin takarda. Sai ya ce, "Ni 'yata ba ta taɓa miƙo mini jikana ba. Ja sandarka, tarwaɗa na cin abincinka kyauta."

Ba kowa ya iya riƙewa ba. Dewitt direban babbar mota ne, matarsa ta tambaye shi a gaban 'ya'yansu wane namiji ne ya shafa masa. Daga nan ya daina shan magani. Cleophus ya yi ta sintiri gidansa.

"Ƙyale ni, tsoho," in ji Dewitt ta bayan ƙofa. "Na gaji da rantsuwa."

A coci, wajen jana'izar Dewitt, danginsa suka ce ciwon daji ne ya kashe shi. Cleophus ya zauna a layin baya, hawaye na zuba, bai ƙaryata su ba. Da muka fito ya ce, "Ku bar su, iya abin da za su iya ɗauka ke nan." Sannan ya dubi kowannenmu. "Ka sha maganinka na yau?"

Yanzu idanunsa sun yi rauni, ya ajiye tuƙi.

Mista Rainey, kai ne ka fara miƙo mana hannu lokacin da 'yan'uwanmu ke ɓoye nasu. Kai ne uban waɗanda aka daina kira. Mun gode.

Aikin bai ƙare ba. A makon nan ma akwai wanda ya karɓi sakamakon gwajinsa, yana zaune cikin mota a harabar asibiti, ya kasa tafiya gida. Ya kamata wani ya je ya ƙwanƙwasa masa gilashi.