Faifan Birkin Baffa da Karsanata Wule

Ranar wata Laraba bayan an gama girbin dawa, ina aji huɗu a firamare, Baffa, mahaifina, ya ɗauko ni daga makaranta a motarsa, muna gangarowa wajen Limawa sai wata akuya ta tsallaka titi. Ya taka birki, sitiyari ya kama rawa a hannunsa, ƙarfe ya yi wata ƙara da ta sa haƙorana suka mutu, motar ta ja gefe ta tsaya dab da teburin mai dabino. Akuya ta wuce abinta. Baffa ya yi salati, ya ce motar nan ba za ta sake ɗaukar ɗan kowa ba sai an duba ta. Ni kuwa gabana ya faɗi, domin da safiyar nan mai kawo mana nono ta zo da saƙon Kawu Jauro: ranar Asabar shanunmu za su tashi daga rugar bayan Buji su yi kudu cin rani, sai damina. A cikinsu akwai Wule, karsana mai farin goshi, jikar saniyar da aka ba ni ranar sunana. Tawa ce ni kaɗai, kuma tana ɗauke da cikin fari.

Da la'asar na manne wa Baffa har garejin Malam Sabo bakanike a Yalwawa. Ya cire tayoyin gaba, ya nuna mana faifan birki, wato zagayayyen ƙarfen nan da birki ke matsewa mota ta tsaya. Duk biyun sun yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Malam Sabo ya ce sun yi sirantar da ko an kai su inji a kankare ba za su yi ba, sai dai a saya. A shagon kayan gyara na kusa akwai sababbi a kwali masu araha, akwai kuma 'yan Kwatano, waɗanda aka ciro daga motocin waje. Na ce a raina shi ke nan, gobe an gama. Ashe ban san ubana ba.

Baffa ma'aikaci ne a sakatariya, amma a bayan shanu ya girma, kuma duk abin da zai saya sai ya yi masa irin kallon da ake yi wa sa a kara, kasuwar shanu. Ya ɗaga sabon faifai ya jinjina, ya ce ba shi da nauyi, zafi kaɗan zai lanƙwasa shi. Ya ɗauki ɗan Kwatano ya shafa fuskarsa, ya bi gefensa da farce, ya ƙwanƙwasa da makulli ya kasa kunne. Ɗaya ya yi masa. Na biyun daga wata motar aka ciro shi, bai kai na farko kauri ba. Mai shago ya rantse babu wanda zai gane. Baffa ya ce, "Ba a haɗa bijimi da maraƙi a garma ɗaya." Aka tsaya a kan za a aika Kano a nemo ɗan'uwan na farkon. Na ji kamar in kwanta a cikin baƙin man garejin in yi birgima.

Kwana biyun nan ban san zama ba. A aji malama ta tambaye ni jimla na amsa mata da Buji. Lokacin tara ƙawayena na 'yar gala-gala, ni ina jikin katanga ina leƙen titi, kamar daga nan zan hango motar Kano. A gida na ƙona tuwo, na fasa tulu a bakin famfo, na ɗaure ƙullin kanwar da zan ba Wule na kwance na sake ɗaurewa. Inna tana jego, ta gaji da sintirina ta ce, "Ke Hajara, ƙaiƙayi ne a ƙafarki?" Na roƙi Baffa mu hau motar haya. Ya ce buhunan gero biyu da zai kai wa makiyayan fa, kuma tun suna yara Jauro bai taɓa tashi ranar da ya faɗa ba, ko Litinin muka je za mu same su suna neman igiya. Ya faɗa yana dariya. Na ji haushin dariyar nan ƙwarai.

Faifan ya iso Juma'a da yamma. Asabar da hantsi Malam Sabo ya ɗaura, Baffa ya sa aka canza har da takalman birkin masu matse faifan, ya zaga unguwa sau biyu yana takawa yana gyaɗa kai. Gaskiya motar ta tsaya cak, ba rawa ba ƙara. Muka isa rugar ana kiran azahar. Babu komai sai turaku, da kashin shanu da bai gama bushewa ba, da toka mai ɗumi. Wata tsohuwa ta ce tun asuba suka ɗaga, a karon farko Jauro ya cika alkawari. Na zauna a ƙasa na yi kuka har muryata ta dushe. Baffa ya tsaya riƙe da ƙullin kanwata. Da damina shanu suka dawo babu Wule. Wajen haihuwa ta mutu, a wani daji da har yau ban san sunansa ba.

Shekaru sun shuɗe. Makon jiya sitiyarin tawa motar ya fara rawa. Na kira bakanike a waya, ya turo mini hotunan faifai kala uku, kafin in tashi daga ofis an ɗaura. Na lura ban yarda a canza ɗaya a bar ɗayan ba, kuma sai da na tambayi kaurinsu, ni da na yi mako guda ba na cin abinci kusa da Baffa saboda wannan hali. Yanzu Baffa ya rasu, Kawu Jauro ya sayar da ragowar shanun ya buɗe shago, filin rugar ya zama gonar riɗi. Hanyar Buji ta yi kyau, motata lafiya lau, mai a cike. Sai dai yanzu babu abin da ke jirana a can da zan yi wa sauri.