Wandon Ƙarfen Yaya Saura-Kaɗan

A jami'a Farfesa ne, amma a gidanmu Yaya Saura-Kaɗan muke ce masa. Shekara goma sha tara ke nan, duk wanda ya tambaye shi labarin injinsa, amsar ke nan.

Injin wani wando ne na ƙarfe, da batir a ƙugu da ƙaramin inji a kowace gwiwa. Wai wanda ɓarin jikinsa ya shanye zai saka ya yi tafiya. Da wandon nan Yaya ya yi digirin digirgir, da shi ya zama Farfesa, da shi ya zaga duniya halartar taro. Takarda arba'in da biyu ya rubuta a kansa. Na taɓa leƙa ɗakin bincikensa. Ƙasa sumul kamar faranti, an ja farin layi mita goma, ɗalibansa ƙarti majiya ƙarfi suna kai-komo cikin wandon, shi kuma yana ƙirga taku a kwamfuta yana gyaɗa kai. In sun gaji su tuɓe su nemi kujera.

Sai Inna, mahaifiyarmu, ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin hagu ya shanye. Ni na dawo gida jinya. Ban taɓa jin ta yi kukan ciwo ba, fo ne ke sa ta hawaye. Matar da ta yi wa 'ya'ya bakwai tsarki, yau 'yarta ke tura mata fo. Burinta ɗaya ne, ta shiga banɗaki da ƙafarta ta rufo ƙofa.

Ran nan ta ce da Yaya, "Kai, ina wandon naka?"

"Saura kaɗan, Inna."

"Ni ma ai saura kaɗan ɗin ne."

Washegari sai ga shi da akwati biyu. Na tallafe Inna a tsaye, ya saka mata wandon, ya ɗaure maɗauri goma sha shida, ya danna maɓalli. Wandon ya yi ƙugi, ƙafar da ta yi wata uku ba ta motsa ba ta ɗaga. Wallahi sai da na yi kuka. Taku ɗaya, taku biyu, har cikin banɗaki.

Inna ta ce, "To madalla. Zaunar da ni."

Yaya ya dubi kwamfuta, ya dube ni.

"Inna, ai ba ya zama. Zama ba ya cikin abin da muke aunawa."

Kafin mu kwance maɗauri na shida, abin da Inna ke gudu ya faru, a tsaye, a gaban ɗanta. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ka koya wa ƙarfe tafiya, ba ka tambayi mai ƙafar ina za ta ba."

Makon nan yana da taro a ƙasar waje, bai je ba. Bututun ƙarfe ya sayo, ya kafa a bango da hannunsa, daga gadon Inna zuwa banɗaki. A karkace ya kafa shi, Farfesa guda, har ya daki ɗan yatsa da guduma. Shi kaɗai ne aikinsa da ba a buga a mujalla ba.

Bayan wata huɗu Inna ta bi bututun tana jan ƙafa, ta shiga, ta rufo ƙofa. Muka tsaya a waje. Da shirun ya yi yawa, Yaya ya ƙwanƙwasa.

"Inna, kin gama?"

Daga ciki ta ce, "Saura kaɗan."