Wandon da Ke Cikin Adudun Iya

Ranar Litinin ɗin da soja suka miƙa wa farar hula mulki, a shekarar 1979, ina da shekara tara. Mazan gidanmu na Gwammaja sun taru a zaure sun kewaye rediyo, matan sun shiga maƙwabta barkar haihuwa. Ni aka bar wa shanyar gero a tsakar gida, in kori kaji. Ban kori kaji ba. Na shiga ɗakin Iya, kakata wadda ta haifi babana, na buɗe adudun da ta hana kowa taɓawa. A ƙarƙashin zannuwanta na sami wando na saƙi, baƙi, ya koɗe a gwiwa, mazaginsa ya tsinke an ƙulla a wuri uku. Na zura shi, na ja har ƙirji, na fito ina taku irin na soja. Iya ta fito daga bayan gida da buta a hannu. Butar ta faɗi. Ta ce, "Yaya Sale?" Ba fuskata take kallo ba, ƙafafuna take kallo.

A gidanmu mace ba ta sa wando, ko da wasa. Ba a sa ni boko ba. Da safe tallan ƙuli-ƙuli, da rana ɗibar ruwa a famfo da surfe, da la'asar allo, in an samu sarari mu yi 'yar carafke a bakin zaure. Iya ba ta cikin kakannin da ke tsokanar jika. Ba ta dariya, ba ta barin ƙanzo a tukunya, in an kwashe shanya sai ta durƙusa ta tsince gero ɗaya-ɗaya. Takan ce, "Wanda bai ga yunwa ba shi ke share tsaba." Don haka na tsaya ina jiran duka.

Ba ta dake ni ba. Ta ja ni ɗaki, ta tuɓe min wandon, ta ninke shi a kan cinyarta, ta yi magana kamar ba da ni take ba. Shekarar wata babbar yunwa, lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da zuwa Kano ba, suka baro ƙauyensu da ƙafa, ita da uwarta da yayanta Sale. Uwar ta mutu a hanya. Su biyu suka iso bayan ganuwa, wajen Ƙofar Kabuga, Sale ya kwanta a gindin wata kuka bai tashi ba. Ta ji ana cewa ana ɗaukar yara maza dako a tashar jirgi, a ba su abin sawa a baki, amma ba a ɗaukar mace. Ta kwance mazagin, ta zare masa wandon. Ta sa shi, ta aske kanta, ta shiga gari da sunansa. Shekara biyu tana ɗaukar buhu tsakanin maza, sai da ƙirji ya fara tona ta sannan ta koma zane.

Sannan ta ce, "Da na zare, ƙafarsa ta motsa. Ban tsaya na duba ba."

Babana ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dubi idonsa da irin wannan magana. Jika kuwa ba a jin kunyarta. Shi ya sa ta ɗora min. Ta ce, "Ke ja'ira, tunda kin buɗe, ke za ki ɗauka. Ranar da na mutu ki gaya wa ubanki ya kai shi bayan Kabuga ya binne. Kayan mutum ne, na bar shi tsirara."

Da bazara ta mutu. Bayan sadakar bakwai mata suka buɗe adudun za a raba kaya. Gwaggo, ƙanwar babana, ta ɗago wandon da yatsu biyu. Ta ce, "Wandon namiji a kayan Iya? Kuma wannan ba na Malam ba ne. Ku rufa mata asiri." Malam shi ne kakana, ya daɗe da rasuwa. Aka miƙo almakashi. Ina tsaye a bakin ƙofa. In na fara bayani, sai na kai ga ƙafar nan da ta motsa, a gaban matan unguwa. Na bari suka zarge ta da abin da ba ta yi ba, don kada su san wanda ta yi. Aka yayyanka shi, ya zama tsumman sauke tukunya. Da hannuna na riƙa sauke tuwo da shi har wuta ta cinye guntun ƙarshe. Babana ya mutu ban gaya masa ba.

Yanzu jikokina mata suna sa wando a ƙarƙashin hijabi su tafi makaranta, ba mai waiwayarsu, ba wadda ta tuɓe wa wani kafin ta sa. Bayan Kabuga ya zama titi da shaguna da hayaƙin mota, kuka ko ɗaya ban gani ba. In na bi ta wurin a adaidaita sahu, nakan yi wa Sale addu'a, ban san inda zan juya fuskata ba. Yana nan yadda Iya ta bar shi, kuma ni kaɗai na rage da na sani.