Bangon Gabas na Masallacin Kufai

A tsohon garinmu, can bayan Ba'awa, akwai wani masallacin ƙasa da babu wanda ya san magininsa. Wasu su ce fataken goro ne suka yada zango suka gina shi, wasu su ce ya girmi jihadi. Mahaifina dai cewa yake kakan kakansa a tsaye ya tarar da shi, iyakar tarihin ke nan.

Yaɓe ne ya riƙe shi duk tsawon zamanin nan. Kowane gida da nasa bangon. Kafin ruwa ya sauka za a kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsima, sannan kowa ya yaɓe rabonsa da hannu. Gidanmu ya gaji bangon gabas, inda liman yake tsayawa.

Sai mutane suka fara tashi. Wasu suka koma bakin titi a Kwanar Dangora, mu kuma muka matsa sabuwar unguwa, inda aka yi masallacin bulo mai lasifika. Masu sauran bangaye suka daina zuwa, rufin ya rufta, azarorinsa suka ƙare a murhu. Har yau abin yana ba ni haushi, domin waɗanda suka fi kowa iya labarin albarkar wurin ba su sake kai ko kwandon ƙasa ba.

Baba bai fasa ba. Duk bazara sai ya tafi shi kaɗai ya yaɓe bango guda a tsakiyar saura. Na taɓa ce masa, "Baba, hannu ɗaya fa ba ya ɗaukar jinka. Bangon da babu ɗaki, me yake tarewa?"

Ya ce, "Ni nawa aka ba ni."

Da ƙafa ta hana shi, ni ina Kano wajen aiki, ƙanena kuma noma ya sha masa kai. Ba a daɗe ba ruwan marka ya kwantar da bangon. Da na zo gida, muka ɗauki Baba a babur ya je ya gani. Ya jima yana kallon tulin, sannan ya ce wa ƙanena, "Ƙasar kufai taki ce. Kwashe ka kai gona, kada ruwa ya tafi da ita a banza." Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Masarar damina ta gaba ta yi kyau, har maƙwabta suna zuwa kallo. Da aka tuƙa tuwonta aka kai wa Baba, ya tambaya ko ta gonar nan ce. Aka ce ita ce. Ya mayar da murfin kwanon, ya tura shi gefe, ya ce a ba yara.